Fosforas ɗin da Kano ke zubarwa a kududdufi, tana sayen irinsa daga Maroko

Assalamu alaikum, Malam Edita.

Ina roƙon ka ba ni fili a wannan jarida mai farin jini domin in ja hankalin gwamnatin jihar Kano, da 'yan majalisar dokokinta, da malamanmu na jami'a da na zaure, a kan wani al'amari da ake ɗauka ƙazanta ce tsagwaronta, alhali kuwa yana da alaƙa ta kai tsaye da farashin takin zamani da kuma lafiyar ruwan da muke sha. Ina nufin dagwalon da ake yashewa daga masai da sokawe na gidajen wannan birni, da inda yake ƙarewa bayan an yashe shi. Ina neman afuwar masu karatu domin maganar ba ta da daɗin ji, kuma rashin daɗin nata ne ya sa ba a cika ɗaga ta a bainar jama'a ba.

Duk manomin da ya taɓa sayen buhun kamfa ya ga lambobi uku a jikinsa, ko dai 20-10-10 ko 15-15-15. Lambar tsakiya tana nuna yawan sinadarin fosforas, wanda shi ne ke taimaka wa shuka ta kafa saiwa, ta yi fure, ta cika ƙwaya. Gonar da ta rasa shi, za ka ga masara ta tsumbure, ganyenta na ƙasa ya rine ya koma ja mai duhu, gyaɗa kuwa ta yi ta yabanya ba 'ya'ya. Masana ƙasar noma, tun daga binciken da aka daɗe ana yi a cibiyar Samaru ta Zariya, sun tabbatar da cewa ƙasar yankinmu na Arewa tana da ƙarancin wannan sinadari, shi ya sa tun zamanin dalar gyaɗa malaman gona suke kwaɗaitar da manoma su zuba takin supa.

Akwai bambanci babba tsakanin fosforas da sinadarin da ke cikin yuriya, kuma a kan wannan bambanci maganata ta ginu. Yuriya ana haɗa ta ne daga iskar da muke shaƙa da iskar gas, Nijeriya kuma tana da gas mai yawa, shi ya sa kamfanin Indorama a jihar Ribas da masana'antar Ɗangote ta Legas, wadda aka ƙaddamar a watan Maris na 2022, suke yin ta har su fitar da ita ƙasashen waje. Fosforas kuwa babu masana'antar da ke ƙera shi, sai dai a haƙo shi daga dutsen fosfet, kuma Allah bai rarraba wannan dutse daidai wa daida a duniya ba. Kimanin kashi 70 cikin ɗari na abin da aka tabbatar yana jibge a ƙarƙashin ƙasa yana hannun Maroko. A watan Disamba na 2016, lokacin da Sarkin Maroko, Muhammad na Shida, ya ziyarci Nijeriya, an ƙulla yarjejeniyar da ta ba da damar shigo da fosfet daga can a haɗa takin 20-10-10 a masana'antun cikin gida, aka sa wa buhu farashin naira 5,500. Duk wanda ya shiga kasuwa neman taki a 'yan shekarun nan ya san cewa wannan farashi ya zama tarihi. Gaskiya ne akwai dutsen fosfet a jihar Sakkwato, kuma an kafa masana'antar takin supa a Kaduna tun shekarun 1970, amma har yau abin da ke cikin buhun da manomin Bichi ko na Gezawa yake ɗauka ta jirgin ruwa yake zuwa, da dala ake sayensa.

Dogaro da waje a kan irin wannan kaya yana da haɗarin da muka riga muka ɗanɗana. Tsakanin 2007 da 2008 farashin tan ɗaya na dutsen fosfet ya tashi daga wajen dala 50 ya haura dala 400 cikin ɗan lokaci. A 2021 ƙasar Sin ta taƙaita fitar da takin fosfet domin ta wadata manomanta, a 2022 kuma yaƙin Rasha da Yukiren ya ƙara dagula kasuwar. Tarayyar Turai tun 2014 ta sa dutsen fosfet cikin jerin ma'adanan da take ganin yankewarsu barazana ce ga tattalin arzikinta.

To ina fosforas ɗin da aka zuba a gona yake tafiya? Shuka ce take ɗaukarsa ta ajiye a ƙwayar gero da dawa da wake, a kawo kasuwar Dawanau, mu saya mu ci, sannan kusan dukkansa ya fita daga jikin baligi ta fitsari da bayan gida, kuma wajen kashi biyu cikin uku ta fitsari yake fita. Ba ma abin mamaki ba ne, domin Bajamushen da ya fara gano sinadarin a birnin Hambug a 1669, Hennig Brand, daga fitsari ya tace shi. Ƙiyasin masana shi ne mutum ɗaya yana fitar da abin da ya kai kusan rabin kilo a shekara, gwargwadon irin cimarsa. Buhun 20-10-10 mai nauyin kilo 50 yana ɗauke da zallar fosforas da ya ɗan haura kilo biyu, ke nan abin da mutum huɗu ko biyar suke fitarwa a shekara ya yi daidai da na buhu guda. Idan aka ɗauka cewa mazauna birnin Kano da kewaye sun kai miliyan huɗu, lissafin zai ba da kwatankwacin fosforas ɗin buhu sama da 800,000 a kowace shekara. Ban ce za a iya kama duka ba, domin kaso mai yawa yana tsiyayewa cikin ƙasa tun a ramin masai, amma ko rubu'insa aka ceto ya isa a zauna a yi masa tsari.

Ƙasashen da suka ci gaba sun mayar da wannan lissafi doka. Suwizalan ce ta fara, inda a 2016 ta wajabta ciro fosforas daga lakar matatun ruwan najasa da kuma garin nama da ƙashi na mayanka, ta ba da wa'adin shekaru goma a shirya. Jamus ta biyo baya a 2017 da dokar da ta ce daga 2029 duk matatar da ke karɓar najasar mutum sama da 100,000 dole ta ciro sinadarin idan ya kai giram 20 a kowane kilo na busasshiyar laka, daga 2032 kuma dokar ta hau kan masu karɓar ta mutum sama da 50,000. Hanyoyin da suke bi guda biyu ne fitattu. Ta farko ita ce a zuba sinadarin maganiziyam a ruwan da aka matse daga lakar, sai fosforas ya dunƙule ya zama fararen tsakuwoyi da ake kira siturubait, waɗanda ake iya zubawa a gona kai tsaye. Asali ma waɗannan tsakuwoyi matsala ce ga injiniyoyi, domin su kan taru da kansu su toshe bututun matata, daga baya aka ga gara a sa su dunƙule a inda ake so a sayar da su. Babbar matatar birnin Shikago ta Amurka ta fara yin haka a 2016. Hanya ta biyu ita ce a ƙone lakar ƙurmus a cikin tanderu na musamman, sannan a wanke tokar da ruwan asid a tace sinadarin, wadda ita ce Jamusawa suka fi karkata gare ta.

Na kawo waɗannan misalai ne domin a san inda duniya ta dosa, amma ina tsoron ranar da wani ɗan kwangila zai ɗauko hotunan waɗannan injuna ya kawo wa gwamnati a matsayin maganin matsalarmu. Dukkan fasahohin nan an gina su ne a kan abu ɗaya, wato bututun ƙarƙashin ƙasa da ke kwashe najasar kowane gida ya kai ta matata guda, ga wutar lantarki da ba ta ƙiftawa. Abuja tana da irin wannan tsari a wasu unguwanninta, tana da matata a Wupa. Mafi yawan birnin Kano ba shi da shi, kuma shimfiɗa bututu a lungunan Jakara da Kurna da Rijiyar Lemo aiki ne da zai ci kuɗin da jihar ba ta da su da shekarun da ba za mu iya jira ba. Najasarmu a rami take, gida gida, kuma tana fitowa ne ranar da ramin ya cika. Duk tsarin da bai faro daga wannan gaskiya ba, asarar kuɗi ce.

Idan rami ya cika, mai gida yana da zaɓi biyu. Mai hali, wanda mota ke iya shiga layinsu, zai kira tankar zuƙa. Wanda ke cikin lungu kuwa zai nemi masu yasar hannu, waɗanda mutanen gari ke kira 'yan gidan kowa da akwai. Na tsaya na ga yadda suke aikin a wani gida na maƙwabta: an fasa daɓen bakin ramin, an zuba kananzir domin a rage wari, mutum ɗaya ya sauka da igiya ɗaure a ƙugunsa, ba takalmin roba, ba safar hannu, ba abin rufe hanci, yana cika bokiti yana miƙa wa na sama, su kuma suna juyewa a durom. Abin da ke fitowa daga ƙasan tsohon rami baƙi ne mai kauri, a cakuɗe da leda da tsumma da ƙyallen jarirai na zamani. Da aka gama aka ɗora duromomin a kura aka tura, kuma babu ɗaya daga cikinmu, har da mai gidan da ya biya kuɗin, da ya tambayi inda za a kai su. Amsar kuwa sananniya ce: wani kududdufi, ko ramin da aka haƙi ƙasar gini a bayan gari, ko babbar kwata idan dare ya yi, ko gonar manomin da ya yi magana a kawo masa.

Wannan na ƙarshe ya cancanci a tsaya a kansa, domin yana nuna cewa manoman karkarar Kano sun riga gwamnati sanin darajar abin. Tun kafin takin zamani ya zo, ƙauyukan da ke kewaye da ganuwa suna noma gona ɗaya shekara da shekaru ba tare da sun bar ta ta huta ba, kuma sirrin shi ne taki. Jakuna kan shigo birni da itace da kara, su koma da mangala cike da shara da toka da kashin dabbobi. Masanin labarin ƙasa Michael Mortimore, wanda ya koyar a Zariya da Jami'ar Bayero, ya yi nazarin wannan tsari tun shekarun 1960, kuma da shi ake kafa misali a duniya wajen nuna yadda jama'a masu yawa ke rayuwa a kan ƙasa ba tare da sun kashe ta ba. Da tsohuwar zuma ake magani, kuma abin da nake kira a yi bai wuce a maido da wannan zagaye tsakanin birni da gona ba, sai dai a wannan karon da ilimin kiwon lafiya da ya dace da birni mai miliyoyin mutane.

Domin kuwa yadda ake yi yanzu akwai cuta a cikinsa. Ɗanyen dagwalon masai yana ɗauke da ƙwayoyin kwalara da taifot da ƙwan tsutsar ciki, kuma ƙwan tsutsa yana iya shekaru a cikin ƙasa bai mutu ba. Manomin da ya baza shi da hannu, da yaran da ke wasa a gefen tulin, da wanda ya ci latas ko kabejin da aka shuka a wurin, duk suna cikin haɗari. Wanda aka zuba a kududdufi kuma, ruwan sama na farko zai kwashe shi ya shigar da shi gidaje da rijiyoyi, irin rijiyoyin da 'yan garuwa ke ɗiba su sayar mana. A 2021 hukumar yaƙi da cututtuka ta ƙasa ta ƙirga mutum sama da 100,000 da ake zaton sun kamu da kwalara, sama da 3,600 suka rasu, kuma Kano tana cikin jihohin da abin ya fi shafa. Shi kansa fosforas ɗin, idan ya shiga ruwa maimakon gona, gansakuka da kainuwa yake ciyarwa, su rufe fuskar ruwan, su ruɓe su cinye iskar da kifi ke shaƙa. Duk wanda ya bi kogin Jakara zuwa madatsar Wasai ya ga alamar haka.

An yi ƙoƙari wajen yaƙi da yin bahaya a fili. Gwamnatin tarayya ta ayyana dokar ta-ɓaci a kan ruwa da tsafta a 2018, shugaban ƙasa ya sa hannu a kan umarni mai lamba 009 a watan Nuwamba na 2019, maƙwabciyarmu Jigawa kuma ta zama jiha ta farko da aka ayyana ta rabu da wannan ɗabi'a a 2022. Sai dai duk masan da aka gina yau rami ne da zai cika nan da 'yan shekaru. Idan ba a tanadi inda za a kai abin da ke cikinsa ba, an ɗage bahayar fili ne kawai zuwa wani lokaci, a kuma yi ta da tanka maimakon mutum ɗaya ɗaya.

Abin da ya dace da mu ba ya buƙatar tanderu ko asid. Ana gina filayen shanya ne, wato kwamaye masu faɗi da aka shimfiɗa wa tsakuwa da yashi, tanka ta juye dagwalon a kai, ruwan ya tsiyaye ta ƙasa ya tafi jerin tafkunan da rana da ƙananan halittu ke tace shi, kaurin kuma ya bushe a sama cikin 'yan makonni. A nan Allah ya ba mu abin da Turawa ke saye da tsada, wato zafin rana da busasshiyar iska ta wata bakwai ko takwas a shekara, sai dai a yi rumfa saboda damina. Busasshen sai a tankaɗe shi a fitar da leda, a gauraya da sharar kayan gwari irin wadda ke taruwa a kasuwar 'Yankaba da ta 'Yan Lemo, a tula, a riƙa juyawa. Tulin da aka haɗa daidai yana ɗaukar zafi da kansa ya haura digiri 50, kuma idan ya jima a haka ƙwayoyin cuta da ƙwan tsutsa suna mutuwa. Hukumar Lafiya ta Duniya ta fitar da ƙa'idojin wannan aiki tun 2006, har da iyakar ƙwan tsutsar da aka yarda a samu a cikin takin da aka gama. Abin da ke fitowa a ƙarshe baƙar ƙasa ce mai laushi, ba wari, kuma bayan fosforas tana ba gona abin da kamfa ba ya bayarwa, wato ruɓaɓɓen ganyen da ke sa jigawa ta riƙe ruwa.

Ba sai mun je Turai neman misali ba. A Tema ta ƙasar Gana an buɗe masana'anta a 2017 da ke yin irin wannan taki ana sayar da shi a buhu da sunan Fortifer. A Nairobi kamfanin Sanergy yana kwashe najasar unguwannin marasa galihu yana mayar da ita taki. Birnin Dakar da na Wagadugu suna da wuraren da aka keɓe wa tankoki su riƙa juyewa. Wanda ya fi kusa da mu kuwa shi ne na 'yan'uwanmu Hausawan Nijar. A yankin Agye na jihar Maraɗi an yi wani shiri da manoma suka riƙa tara fitsari a jarkoki, su rufe shi na wani lokaci har ya tsarkaka daga cuta, su zuba wa shuka, suna kiransa takin ruwa. Daga baya matan manoma na yankin Maraɗi suka gwada shi a gonakin gero tsakanin 2014 da 2016, aka samu ƙarin amfani na kusan kashi 30 cikin ɗari. Ƙasarsu irin tamu ce, addininsu namu ne, ƙyanƙyaminsu ma irin namu ne, amma da suka ga zangarniya sai suka karɓa. A Kano wuraren da suka fi sauƙin tara fitsari su ne gidajen wanka da bahaya na kasuwanni da tashoshin mota da makarantun kwana. Sai dai masu zana irin waɗannan bandakuna su tuna cewa mu da buta muke tsarki, don haka zanen da aka yi wa masu amfani da takarda ba zai yi aiki a nan ba sai an ware wa ruwan tsarki hanyarsa.

Akwai sharaɗi guda da idan aka saɓa masa duk aikin ya rushe, kuma shi ne ya fi damuna game da Kano musamman. Birnin nan cibiyar jimar fata ce, kuma masana'antun Challawa da Sharaɗa da Bompai suna fitar da dagwalo mai ɗauke da kuromiyam da wasu ƙarafa masu guba irin su dalma da kadmiyam. Zafin tulin taki yana kashe ƙwayar cuta, amma ba ya yi wa ƙarfe komai. Ƙarfen da ya shiga gona yana nan zaune, shuka tana ɗauka kaɗan kaɗan, mutane suna ci. Jamusawa da Suwizalan sun koma ƙona lakarsu ne saboda bututunsu yana haɗa najasar gida da ta masana'anta da ragowar magunguna, har ta kai Suwizalan ta hana a baza ta a gona, Jamus kuma ta taƙaita yin hakan. Mu kuwa rashin bututun ya bar mana wata fa'ida da ba mu lura da ita ba: najasar gidajenmu a ware take tun daga tushe. Saboda haka dole doka ta hana tankar da ke zuƙar masai ta ɗauki dagwalon masana'anta ko na asibiti ko baƙin man gareji, a bambanta su da fenti da lamba, a kuma riƙa gwada kowane tuli kafin ya fita. Jami'ar Bayero tana da cibiyar nazarin noma a busassun yankuna, jami'ar kimiyya da fasaha ta Wudil ma tana nan, kuma wannan gwaji bai fi ƙarfinsu ba.

Na san masu karatu da yawa tambayar da ke ransu ta addini ce, kuma ba ni da matsayin ba da fatawa. Abin da zan iya tunatarwa shi ne mas'alar ba baƙuwa ba ce a littattafan da ake karantawa a zaurukan Kano. Muhtasar na Shehu Halil, a babin tsarki, ya lissafa shukar da aka shayar da najasa cikin abubuwa masu tsarki, kuma malamai sun daɗe suna tattauna hukuncin najasar da ta sauya ta zama wani abu dabam, da kuma hukuncin sayar da ita domin taki, inda aka samu saɓani. A 1978 majalisar manyan malaman Saudiyya ta ba da fatawar halaccin amfani da ruwan najasa idan an tace shi har ya koma asalinsa. Abin da ya kamata shi ne a kai malamanmu wurin su ga yadda ake aikin da idonsu, su ga abin da ya shiga da abin da ya fito, sannan su yi wa jama'a bayani, musamman a kan ciniki, tun kafin a zuba kuɗi a gina komai.

Ba zan ɓoye raunin wannan shawara ba. Takin da aka yi daga dagwalo bai kai kamfa ƙarfi ba, buhu da yawa ne ke maye gurbin buhu ɗaya, kuma kuɗin dako yana iya cinye ribar idan gonar ta yi nisa. Kuɗin sayar da takin shi kaɗai ba kasafai yake riƙe irin wannan wuri ba, sai an haɗa da ɗan abin da tankoki za su biya da tallafin gwamnati. Amma gwamnati tana kashe kuɗi a kan tallafin taki, tana kashewa a kan yasar magudanan ruwa duk shekara, tana kashewa a kan masu kwalara idan annoba ta ɓarke, kuma wani kaso na waɗannan kuɗaɗe ne ake neman a karkatar. Maganin tsadar dako kuma shi ne kada a gina wuri ɗaya ƙato. A yi matsakaita a manyan hanyoyin fita gari, ta Zariya da ta Katsina da ta Haɗeja da ta Gwarzo da ta Wudil, yadda tanka ba za ta yi doguwar tafiyar da za ta sa direba ya juye a hanya ba, manomi kuma ya samu takin kusa da gonarsa. Filayen nan ya kamata hukumar tsara birni ta killace su yanzu, domin yadda gari ke faɗaɗa, inda ake gani daji yau unguwa ce gobe, kuma babu wanda zai yarda a kawo masa irin wannan wuri bayan ya riga ya gina gida.

Sai batun wanda alhakin ya rataya a wuyansa. Jadawali na huɗu na kundin tsarin mulkin 1999 ya ɗora kula da bandakunan jama'a da kwashe najasa da shara a kan ƙananan hukumomi. Birnin Kano kuwa ya ratsa ƙananan hukumomi takwas, wato Birni da Kewaye, Dala, Gwale, Fagge, Nasarawa, Tarauni, Kumbotso da Ungogo, kuma dagwalon da aka yashe a ɗaya a wata ake zubar da shi. Ga ma'aikatar muhalli, ga hukumar kwashe shara ta REMASAB, ga hukumar ruwa, ga duba-gari, kowa yana riƙe da wani gefe. Ina ganin aikin majalisar dokokin jiha ne ta yi doka ɗaya da za ta ambaci hukuma guda da sunanta, ta ce ita za a tuhuma a kan dagwalon masai tun daga bakin rami har zuwa gona. Dokar ta tanadi rajistar tankoki da ta masu yasar hannu. A kan waɗannan bayin Allah ina roƙon kada a fara da kame da tara, domin hana su aiki ba zai sa ramukan lungu su daina cika ba, sai dai ya mayar da aikin na tsakar dare. A ba su takalma da safa da ƙananan famfunan zuƙa da ke shiga lungu, a yi musu allurar rigakafi, a kafa musu wuraren juyewa na wucin gadi a kusa da unguwanni inda babbar tanka za ta zo ta kwashe, kuma a gwada biyansu wani abu a kan kowane durom da suka kai inda aka ce, maimakon a karɓa daga hannunsu.

Kasuwar takin ma sai an yi mata hanya. Jihar tana da kamfaninta na kayan noma, KASCO, tana da malaman gona na KNARDA, kuma akwai dokar kula da ingancin taki ta ƙasa ta 2019 wadda za a iya yi wa sabon takin rajista a ƙarƙashinta, a rubuta abin da ya ƙunsa a jikin buhu. Idan gwamnati ta yi alkawarin sayen wani adadi duk shekara domin gandun bishiyoyi da gonakin gwaji, 'yan kasuwa za su samu ƙarfin zuciyar zuba jari. A fara da hatsi da bishiyoyi da auduga, a bar ganyayen da ake ci ɗanye sai gwaji ya tabbatar da amincin abin. Ƙashin da ke fita daga mayankar Kano shi ma cike yake da fosforas, kuma garinsa zai iya ƙara wa takin ƙarfi, ko da yake masu haɗa abincin kaji suna neman sa, don haka sai an duba farashi.

Roƙona na ƙarshe gare ka ne, Malam Edita. Ka tura wakilinka ya bi tankar zuƙa guda tun daga gidan da ta yi lodi har inda ta sauke, ya zauna da masu yasar hannu ya ji nawa ake biyansu da irin cututtukan da ke damunsu, ya tambayi manoman da ke karɓar dagwalon abin da suke gani a gonakinsu, sannan ya je ma'aikatar muhalli ya nemi a nuna masa wuraren da aka amince a riƙa zubarwa da kuma adadin tankokin da ke da rajista. Ina kuma fatan kwamitin muhalli da na noma na majalisar jiha za su kira zaman jin ra'ayin jama'a a kan wannan batu kafin a kammala kasafin kuɗin shekara mai zuwa, domin a ware kuɗin fili da na gina wurin gwaji ko da guda ɗaya ne.

Wassalam.

Naka mai karatu,
daga unguwar Gwammaja, Kano.